Kunkurun da Ba a Tambaya Ba

Kakata Hajo ba ta yin tatsuniya sai tana bandar kifi. A wurinta zaman banza ne mutum ya ba da labari hannunsa ba ya aikin komai. Bayan magariba takan hura wuta ƙarƙashin raga a bayan gidanmu na Ngaski, ta jera tarwaɗa da ƙarfasa, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na cin idanunmu, kowa na addu'ar wani kifi ya fashe a ba shi. Daga nan ana jin ruwan tafki yana dukan jiragen da aka ɗaure, amma ita kullum baya take ba shi. Garin da aka haife ta yana ƙarƙashin ruwan nan tun da aka yi dam.

Mace ce mai zargi. Ko mai tallar magani ne ya yi sallama, sai ta raka shi da ido har ya sha kwana. Muna yi mata dariya, tana ce mana wawaye.

"Ku matso, ga wata nan ta taho da ƙafarta," haka take farawa.

Wai wani kunkuru ne ya fito daga kogi ya shiga wani gari. Ba ya magana. Ya yi taku biyu ya tsaya, ya lashi dutse, ya ɗanɗani ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi gabas da yamma. Abin ya burge mutanen gari, manya da yara suka bar aikinsu suna bin sa, suna kai wa juna labari: yau ya kai rijiya, yau ya haye tudu. A garin, kamar dai a namu, ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya kwana uku. Ran na ukun da asuba kunkuru ya koma ruwa, ya ce wa sarkinsa ƙasar can daɗi gare ta. Damina ba ta ƙare ba ruwa ya zo ya zauna.

"Kaka, kunkurun mugu ne?" na taɓa tambayarta.

"Mi yay yi na mugunta? Aiko shi anka yi," ta ce, tana juya kifi. "Su da sunka tsaya ƙirga sawunai, ba wanda yac ce mai, wa ya aiko ka?"

Yanzu ina koyar da kimiyya a Yelwa. Akwai zaurenmu na waya, mu 'yan kaɗan masu son sararin samaniya, muna bin wata mota mai tuƙa kanta da aka aika duniyar Mars. Kowace safiya abokina Istifanus zai turo hoto: ta haye tudu, ta shiga tsohon kwarin ruwa. Ina son motar nan, ba zan ɓoye ba. Amma ranar da na ga ta huda dutse ta adana ɗan abin da ta ciro, sai na tuna da kunkurun Kaka. Na rubuta, "Wa zai ci amfanin dutsen nan?"

"Haba Malam, ba kowa a can," in ji Istifanus. "Wa za a kora?"

Gaskiyarsa. Na ji kunya.

Bana kafin shuka, Kawu Ɗanjuma, ƙanin mahaifiyata, ya kira ni cikin murna. Ya yi baƙi uku da farar mota da wata na'ura mai ƙara, suna yawo a fadamarmu. Fadamar nan ita kaɗai ta rage mana, shinkafarta ke ciyar da gidan gaba ɗaya, kuma kowa ya san yadda gonaki suka koma ramuka a inda aka ji ƙamshin zinare. Kwanansu biyu ke nan. Na hau babur.

Na iske su a zaure suna cin tuwon shinkafa. Muka gaisa, sannan na tambaye su wanda ya aiko su, da takardarsu.

Kawu ya ajiye loma. "Kai, ba ka da kunya? Baƙona, ko kwana ukku bai yi ba?"

Babbansu ya yi murmushi, ya ce bincike ne kawai, takarda kuma tana gari. Kafin la'asar sun tafi. Na fara hura hanci, ina ganin na ceci gida, sai Kawu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ai tun jiya sunka gama. Ni nak kai musu buhunan ƙasar har mota."

Har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata. Wataƙila ɗalibai ne na wulaƙanta a banza; ba abin da ya biyo baya tukuna, shinkafa ma ta tsira. Ina yaro na ɗauka da baƙi Kaka take tsoratar da mu. Sai yanzu na gane kunyarmu take jin tsoro, wannan kawaicin da muke alfahari da shi, wanda ke riƙe mana baki har mai aunawa ya gama awonsa.

Ban bar zaurenmu na waya ba. Da safe nakan duba inda motar Mars ta kai, in yaba hoton kamar kowa. Daga nan sai in kira maƙwabcin Kawu, in tambaye shi ko wata mota ta bi hanyar fadama.