Kiɗan da Baba Ya Ce Bai Sani Ba

Wata ranar kasuwa da kaka, shekarar da na shiga aji uku na firamare, na raka Baba zuwa Kwanar Dangora sayar da barkono. Muna sauke buhu daga keke sai wani kiɗa ya tashi daga rumfar mai kaset, goge da algaita suna bin juna da sauri, har 'yan dako suna rausayawa. Na saki bakin buhun na ce, "Baba, ai naka ne!" Mai rumfar ya yi dariya, ya nuna mini hoton wani makaɗin birni a jikin kaset ɗin. Baba ko kai bai ɗaga ba. "Yarinya ce, Alhaji. Ban san shi ba."

Ni kuwa a gabana aka yi kiɗan nan, a gonarmu ta ƙasar Kiru, ina korar tsuntsaye daga gero. In rana ta take, Baba yakan zauna gindin ɗorawa da gogensa yana kwaikwayon luguden da Inna da ƙanwarta ke yi a turmi, ya ja, ya tsaya, ya sake, har damina ta wuce. Abokinsa Ɗanjuma mai algaita ya koya ya kai gidajen biki, daga nan kiɗa ya shiga duniya. Sai dai a kakar shekarar da aka yi kiɗan ciwo ya kwantar da kakana, limamin ƙauyenmu, ya riƙe hannun Baba a gaban mutane ya sa shi alkawarin barin goge. Baba ya cire tsirkiya, ƙoƙon kuma Inna ta riƙa awon gero da shi.

Da za mu koma gida ya ɗora ni a gaban keke. Ina kallon yatsunsa na hagu suna motsi a kan kan keken, suna danna tsirkiyar da babu. Na fashe da kuka na tambaye shi dalilin da ya sa ya ce bai san kiɗan ba. Sai da muka yi nisa ya ce, "Ko na faɗa, da me zan nuna musu?"

Yau yara na jin kiɗan a waya, da sunan mutumin birnin a kai. Baba ya rasu, Ɗanjuma da Inna ma haka. In na ba 'ya'yana labarin sai su ce, "To, Mama," don ladabi kawai. Shaida ɗaya ce ta rage, wato ni, ni kuma ban iya goge ba.