Malam Bitrus Ya Kulle Guruf Ya Tafi

Ƙarfe bakwai na safe Malam Bitrus yake buɗe guruf ɗinmu na malaman kimiyya a waya, ƙarfe biyu ya kulle, kamar mai gadin makaranta. Shi ya kafa shi bayan ya yi ritaya, shi kaɗai ne admin, kuma in ya kulle babu mai iya tura ko alif sai shi. Mu da muke koyarwa a ƙananan makarantun Tarauni, inda babu ɗakin gwaji, a guruf ɗin muke kwasar darasi da tambayoyi, don haka muke haƙuri da mulkinsa.

Mutum ne da ba ya wasa da data. Wani babba daga ma'aikatar ilimi ya taɓa turo hoton fure da "barka da Juma'a". Malam ya fitar da shi kwana uku. Mutumin ya kira shi yana huci.

"Malam, ka san ko ni waye?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Shi furen, aji nawa za a koya wa?"

Duk bidiyon da wani ya tsinto a intanet, sai Malam ya gwada da hannunsa kafin ya bari a yi wa yara. A kicin ɗin matarsa, Mama Rifkatu, can Gyadi-Gyadi, yake gwajin. Ita ta gaya min ta daina sayen tukunya mai kyau. "Abin da ya rage bai dafa ba a gidan nan, Malama Hadiza, takalmina ne."

Sau ɗaya na san ya tura abu bai gwada ba, shi ne ya haɗa mu. Saura kwana goma jarrabawa ya turo takardar bita, a ciki ya rubuta wai zoɓo in an zuba masa kanwa ja yake ƙarawa, in an matsa lemon tsami ya yi duhu. Ya juya abin. Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na rubuta a gaban kowa: "Malam, wannan kam ba daidai ba ne. Zoɓo nake dafawa tun ina firamare."

"Ni kuma tun ba a haife ki ba nake koyar da shi."

Ya fitar da ni sati biyu, ya kulle guruf. Ranar Juma'a ke nan. Asabar da hantsi ya faɗi a tsakar gida, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

To ga takarda da kuskure a hannun malamai, wasu har sun kwafe wa yara a allo. Guruf a kulle, mai mukulli ya tafi. Na kira waɗanda nake da lambarsu, kowa sai ya ce, "Anya, Hadiza? Malam fa ya rubuta." Har da mai ce min in bar mamaci ya huta. Raina ya ɓaci ƙwarai, da su da shi.

Ranar Talata na je gaisuwa. Da mutane suka ragu na roƙi Mama Rifkatu wayarsa, ko zan buɗe guruf ɗin. Ta ɗauko ta, an ɗaure bayanta da roba.

"Babu data a ciki. Tun ranar Juma'a ta ƙare, ya ce ba zai saya ba sai Litinin, tunda babu makaranta."

Na tura wa layinsa data daga tawa. Wayar tana kamawa, sai saƙon da ya maƙale tun ranar ya fice da kansa, ya faɗa guruf. Wata malama a Unguwar Gano ta ce da ta ga sunansa, wurgi ta yi da wayarta tana salati.

Hoto ne na kofi biyu a kan tabarma, ɗaya ja, ɗaya ya yi duhu. A ƙasa ya rubuta: "Na gwada. Malama Hadiza ce da gaskiya, kowa ya gyara wa yaransa. Amma ba ta da ladabi, sai ta cika sati biyunta."

Mama Rifkatu ta yi dariya har da hawaye, ni ma na taya ta. Na buɗe wa mutane guruf, suka gyara. Ni dai ban mayar da kaina ba sai da kwanakin suka cika.

Allah ya jiƙan Malam Bitrus, ya ba shi hutu, ya ba Mama Rifkatu haƙurin rashinsa.