Jirgin da Salisu Ya Hana Ni Ganin Saukarsa

Salamu alaikum, jama'a. Na san na daɗe shiru. Masu cewa Nasiru ya yi kuɗi ya manta da mutane, Allah ya amsa bakinku, amma ba haka ba ne. Tarin fuka ne ya kwantar da ni.

Da ɗan tari ya fara. Aikina a bakin tashar jiragen ruwa yake, kullum cikin hayaƙin manyan motoci, sai na ɗora wa hayaƙi laifi. Na sha zuma da lemun tsami har na gaji. Sai zufa, sai rama, wando ya fara zame mini. Ranar da na ga jini a hankici, ranar na san tsoro.

A asibiti nan Treichville aka ɗauki hoton ƙirjina, aka gwada kaki. Likitar ta ce, "Ciwon nan yana warkewa. Amma wata shida ne, kullum da safe, ba fashi. Wanda ya tsaya a hanya, ciwon yakan dawo ya fi ƙarfin magani."

Ƙwayoyin kyauta ne. Hoto da gwaje-gwaje da abincin mai jinya su suka cinye babur ɗina.

Gidanmu a unguwar Biafra gidan haya ne, tsakar gida ɗaya. Matata Hadiza ta kai 'yarmu wurin kakarta a Adjamé, ni kuma aka bar ni da ɗaki mai taga ɗaya, tana kallon bangon maƙwabci. Ko bayan likita ta ce na daina yaɗa ciwon, in na fito alwala sai mata su janye yaransu. Ban ga laifinsu ba, amma ya yi mini ciwo. Sai na daina fita.

Waɗanda suka san ni sun san girin ɗinmu, majalisar shayi. Hirarmu ba ta wuce finafinai masu dogon zango, kowa na kurarin nasa. Dokarmu ɗaya ce: ba a faɗin ƙarshen fim, ba a kuma leƙa shi a intanet. Wanda ya karya, ba mai sake ba shi komai.

Da na kwanta, kowa ya turo mini abin kallo. Abdu ya turo na asibiti, wai don in saba. Allah ya shirye shi.

Tsakiyar jinya tari ya tsaya, amma ƙwayoyin suka kama ni. Gaɓoɓi ciwo, tashin zuciya, fitsari ja. Na gaji da ɗakin, na gaji da kaina. Na rubuta wa 'yan girin a waya cewa na warke, daga gobe ba ni ba magani.

Washegari sai ga Salisu. Mai gyaran waya ne a Adjamé, ya girme mu, shi ya sa muke ce masa Koro, wato yaya. Shi ne mai son tsofaffin finafinan sararin samaniya, waɗanda muke masa tsiya cewa jiragensu kamar murfin tukunya. Ya shigo har ciki ya zauna bakin katifata. Ban da Hadiza, ba wanda ya taɓa yin haka.

Ya zuba mini kashi ɗaya na wani irin fim ɗin nasa a waya. Wasu mutane ne a jirgi da ya ɓace hanya, ƙofa ba ta buɗuwa, iska na ƙarewa, kullum suna neman hanyar gida. Na kalla ina jin kamar a ɗakina aka ɗauka.

Na ce, "Koro, ina sauran? Mene ne ma sunansa?"

Ya ce, "Sunan na yanke shi, mon frère, ɗan'uwana, na san halinka. Kullum in Hadiza ta ce mini ka haɗiye magani, sai in turo na gaba. Ba ƙwaya, ba fim."

Na zage shi a raina. Da safe na haɗiye.

Haka muka yi ta yi. Wata rana ina amai ina tambayar Hadiza ko saƙo ya shigo. Akwai wani tsoho mai dafa abinci a jirgin, kullum yana ajiye wa jikarsa kwano ko da yake tana can duniya. Shi ya sa ni kuka, don ni ma takalmin 'yata yana nan bakin ƙofa, na hana a ɗauke.

Ranar da gwajin ƙarshe ya fito babu ƙwayar cuta, likitar ta ce, "Ka gama." Ban koma gida ba. Na hau gbaka, ƙaramar bas ta haya, sai Adjamé. Na ɗauki 'yata na saɓa a kafaɗa, muka wuce shagon Salisu.

Na ce, "Koro, na cika alkawari. Ba ni na ƙarshen."

Bai ko ɗago daga wayar da yake gyarawa ba. Ya ce, "Babu. Ba su taɓa yin sa ba. An tsayar da fim ɗin tun ba a haife ka ba."

"Da ma ka sani?"

"Tun ranar farko. Har raba su biyu nake yi don su kai ka." Sai ya ɗago, ya dube ni, ya dubi yarinyar. "Su ba su fita ba. Kai ka fita."

Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina hawaye, 'yata na tambaya wa ya dake ni.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hadiza, da likitata, da 'yan girin har da Abdu. Koro, ban yafe ba tukuna, amma Allah ya saka maka da alheri.

In tari ya daɗe muku, ku je a gwada, ku bar zuma da lemun tsami. In an ɗora ku a magani, ku kai shi ƙarshe ko kun ji sauƙi. In kuma naku ne ya kwanta, ku tambayi likita, in ta yarda ku shiga ku zauna da shi. Ni zaman Salisu a bakin katifar nan ya fara yi mini magani, tun bai kunna fim ɗin ba.