Ƙyallen da Dada Take Tsallakewa

"Zare ya ƙare," in ji Dada, ta ɗaga allura sama. Shi ke nan tatsuniya ta tsaya cak. Ni da yayana Sadiƙu muka hau kokawar allura, don dokar Dada ke nan: idonta ba ya ganin kafar allura, mai son jin ci gaba sai ya zura mata zare. In ka yanko mai tsawo don labari ya daɗe, ta gano ka. Ta kalli na Sadiƙu ta ce, "Angona, wannan zare ne ko igiyar guga?" Ta datse rabi da haƙori.

Dada kakarmu ce ta wajen uwa. Ita ta riƙe mu a Ƙofar Dumi bayan rasuwar Mama, lokacin ina ƙarama sosai, ko muryarta ban riƙe ba. In an sauke tuwo bayan magariba ba a kashe murhu, sai Dada ta jawo kujerarta kusa da garwashi, ta ajiye kwandon ƙyallaye a gefe. Wata tela ce a bakin layinmu, Maman Rifkatu, take tara mata ragowar yadi a leda, sauran kuma tsofaffin kayan 'yan gida ne. Ba sayarwa take ba, kawai hannunta ne ba ya iya zama. Ta harhaɗa ƙananan ƙyallaye, ta sa tsohon zane a tsakiya, ta rufe bayan da wani, ta bi shi da ɗinki layi-layi har ya yi kauri. Abin sauke tukunya, rigar filo, jakar zuwa Islamiyya, duk gidan nan faci-faci ne. Har kunya nake ji a makaranta, jakata kamar an yi hatsarin atamfa.

Amma akwai ɗaya da ya fi sauran. Wani ɗan bargo ne da take rufe ƙafafunta da shi, wanda babu ƙyallen tela ko ɗaya a ciki, duk na dangi ne. Yanzu haka yana kan gadona a Gwallaga, ina wannan rubutu a waya ina kallonsa. A cikinsa akwai guntun zanen Mama. Shi kaɗai ya rage na kayanta a duniya, don bayan rasuwarta an rabar da komai sadaka. Kuma ban san wanne ne ba.

Ba wai Dada ba ta faɗin masu ƙyallayen ba. Kullum kafin ta fara tatsuniya sai ta bi bargon da babban yatsa tana kira. Wannan shaddar Malam ce, kakanku, da ita ya je aikin hajji. Wannan na Rabi ne, na sallar da ta ƙona shi da dutsen guga ta ce ɓera ne. Wannan wandon Kawunku ne na firamare. Haka har ƙarshe. Sai dai akwai inda yatsan yake tsayawa, ta wuce ba ta kira kowa ba. Mu a lokacin Allah-Allah muke ta gama lissafin dangi ta shiga labari, wa ya damu da inda yatsa ya tsaya?

Tatsuniyoyinta da yawa, na kura, na aljanu, na yarinya mai rashin jin magana. Amma akwai wata da take yawan maimaitawa, mu kuma ba ma sonta sam.

Wai wata tsohuwa ce a gindin dutse, 'ya'yanta duk sun watse, wasu fatauci, wasu aure. Duk wanda zai tafi sai ta yanki bakin rigarsa ta haɗa da na 'yan'uwansa, har ta yi mayafi. In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai ta fito ƙofa da yamma ta shimfiɗa mayafin, ta dafa ƙyalle ta kira sunan mai shi. Duk inda yake a duniya sai ya ji, ya ɗauro kaya ya taho. Gida ya cika, a yanka kaji. Sai mutum ɗaya, 'yarta ta fari. Ita tsohuwa ba za ta iya kiran sunanta ba, bakinta ba zai ɗauka ba. Ita kuma 'yar duk shekara sai ta taho har bakin rafi, ta tsaya ta kasa kunne, ta ji an kira kowa ban da ita, ta juya.

Tsohuwa ta roƙi kaza ta kira mata, kaza ta yi kyarkyara kawai. Ta roƙi akuya, akuya ta ce baki da ciyawa ba ya kira. Nan Dada take kwaikwayon muryar akuya har mu faɗi ƙasa don dariya. Sai wani tsuntsu ya ce wa tsohuwa, ba dabba za ta yi miki wannan ba. A gidanki za a samu wanda zai dafa ƙyallen ya tambaya na wane ne, ranar za ta haye rafi. Tsohuwa ta koma ta shimfiɗa mayafi a tsakar gida. Jikoki suna ta wasa a kai, suna tsalle, suna barci.

Daga nan Dada take datse zare.

Sadiƙu ya ce, "To sai me ya faru?"

"Tana nan zaune."

"Dada, wannan ai ba ta da ƙarshe. A yi mana ta kura."

Ta yi dariya ta ce angon nata ba shi da haƙuri, da wannan halin ko akuya ba za a ba shi kiwo ba. Ta yi mana ta kura. Ana kiran isha'i a masallacin lungu, ta naɗe bargo, mu tashi.

Mun san Dada ba ta kiran sunan Mama. Kowa ya sani, 'yar fari ce, kunya ce irin ta mutanen da. In dole ta yi maganarta sai ta ce "waccan" ko "mai gidan Gombe", don can ta yi aure, ko bayan ta rasu ba ta canza ba. Abu ne da muka tashi muka gani kamar yadda muka ga rijiya a tsakar gida. Wallahi ko sau ɗaya ƙwaƙwalwata ba ta haɗa wannan da tsohuwar gindin dutse ba. Ni a tunanina tatsuniya ce kawai da Dada ta manta ƙarshenta.

Muka girma, aka sayi talabijin, aka daina zama bakin murhu. Na yi karatu, na samu aiki, Dada ta koma wurin Kawu a Inkil da idonta ya tafi gaba ɗaya. Ranar da za ta tashi ta ba ni bargon, na sa a akwati na manta.

Bara na fara ganin bidiyon masu irin wannan ɗinki a waya, na ce kai, ai aikin Dada ne. Na sayi almakashi da allura, na fara karɓar ƙyallaye wurin telana. In na dawo aiki na ɗan taɓa. Na yi abin sauke tukunya, ya fito a karkace, na yi jakar waya, ta ɗan yi kyau. Ana haka matar Sadiƙu ta haihu, mace, aka mayar da sunan Mama. Na ce zan yi wa jaririyar 'yar shimfiɗa. Ina gaya wa Anti Rabi, ƙanwar Mama, sai ta ce ai sai in ciro na takwararta a bargon Dada in sa mata a tsakiya. Na ce wane na takwararta? Ta ce, "Au, ba ki sani ba? Ai don shi aka yi bargon."

Ranar Asabar na hau keke mai ƙafa uku har Inkil, bargon a leda. Na samu Dada a tabarma tana jan carbi. Muka gaisa, ta tsokane ni wai har yanzu ban kawo mata miji ta gani ba, na ce da wane idon. Sannan na shimfiɗa mata shi a cinya, na kama hannunta na ɗora.

"Dada, wanne ne na Mama?"

Ta shafa bargon. Sannan ta ce, "Sai yau kika zo?"

Ta fara bi da yatsa. Shaddar Malam ta gane, don ta fi santsi. Kakin wandon Kawu ma ta gane. Amma atamfofin, wanki ya cinye su, duk sun yi laushi iri ɗaya. Ta bi, ta dawo, ta sake bi. Daga baya ta ce mai ganye-ganye ne, wannan ta tabbata, ranar da waccan ta zo wankan jego bayan ta haife ni, da shi ta zo. Na duba. Masu ganye ba ɗaya ba ne. Akwai kore, akwai ruwan ƙasa, akwai wani shuɗi da ya koɗe. Na tambayi launi, ta ce launuka sun daɗe da barin kanta.

Ban yi kuka a gabanta ba, sai a keke.

Shekara da shekaru matar nan tana zaune da abin a cinya, al'ada ta ɗaure mata baki, ta rasa yadda za ta ce ga na uwarku, sai ta ƙirƙiro tsohuwa da rafi da akuya. Kusan kullum tana gaya mana abin da za mu yi. Tambaya ɗaya ce. Mu kuma muna ta roƙon kura. Ba na jin haushin kowa, yara ne mu, ita ma haka aka tarbiyyantar da ita. Amma abin yana ci na.

Na tura hoton bargon a guruf ɗin 'yan gidanmu na waya. Anti Rabi ta ce kore ne, ta rantse. Kawu ya ce shi dai ruwan ƙasa yake tunawa. Sadiƙu ya ce in ciro duka masu ganyen in huta, amma in na yi haka bargon Dada ya tashi daga aiki, kuma sauran na wasu ne. Shimfiɗar jaririya tana nan na gama gefe-gefe, tsakiyar ce a buɗe, yarinya kuma har ta fara zama.

Don Allah in ku ne, za ku zaɓi ɗaya ku yanka, ku ce wa yarinyar ga zanen kakarki alhali ba ku da tabbas, ko za ku bar bargon yadda yake ku cike gurbin da ƙyallen tela?