Wanda Ya Riƙa Sa Wa Darakta Hannu

Ɗan baffanmu, wanda dangi ke kira Darakta tun ba shi da ko kujera, mutum ne da in ya kama makirfo sai an ɗauke wuta yake saki. Da 'yan ajinsu na jami'a suka shirya taron cika shekara ashirin da biyar da gamawa, mutum huɗu suka tarar sun rasa. Aka raba jawabin tunawa da su, Darakta aka ba shi wanda suke kira Na-Baya.

Bai tambayi kowa komai ba. A ganinsa ya san Na-Baya ciki da waje: dogon nan mai buga ƙwallo, mai dariya kamar ana sauke kwanon rufi daga mota. Kwana uku yana bitar jawabi a gaban madubi, har matarsa ta haddace.

Ranar taro, a zauren wani otal, aka zaunar da matar marigayin da babbar 'yarsa a layin gaba, sun zo su ji yadda mutuminsu ya yi zaman makaranta. Darakta ya gyara wuyan riga ya fara. Ya kawo ƙwallon da marigayi ya ci da ka, da ranar da ya faɗo daga katangar ɗakin kwana, da tsawonsa da sai ya sunkuya yake shiga aji. Zauren ya yi tsit. Ya ɗauka daɗin magana ne, ya ƙara wuta. Can ya ɗaga ido, sai ga dogon nan a layin ƙarshe, da ransa da lafiyarsa, kwalbar lemo a hannu, baki buɗe.

Ashe mutum biyu ke zama a bencin baya, kowanne Na-Baya ake ce masa.

Matar ba ta yi fushi ba, abin da ya fi kashe shi ke nan. Ta miƙe a hankali ta ce maigidanta gajere ne, bai taɓa buga ƙwallo ba. Shekara ashirin yana koyar da lissafi a sakandare ɗaya, da guduma a jakarsa don gyaran bencin ɗalibai, alli ya fasa masa yatsu. Sau biyu ana ba shi shugabancin makarantar yana cewa a bar shi da allonsa. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi wata bakwai, mutum biyu kacal daga ajin nan suka leƙa shi.

Sannan ta juyo wajen Darakta.

"Yallaɓai, ni na roƙa a ba ka shi. Ya ce shekara huɗu shi ke sa maka hannu a takardar halartar lacca in ka makara, har ya fi ka iya sa hannunka. Duk ranar da aka nuno ka a talabijin sai ya tara mu, ya ce mu zo ga abokinsa."

Darakta ya tuna. Akwai wani hannu mai tawada a yatsa da ke miƙo masa takarda ta kan kafaɗa, an riga an cike gurbinsa. Ya lalubi fuskar mai hannun a ƙwaƙwalwarsa, babu.

'Yar ta ɗago kai.

"Baba, ko abu ɗaya ne, faɗa mini yadda yake a aji. Ƙannena na jira in kai musu."

Darakta ya dubi takardun jawabinsa, shafi shida. Ya naɗe su ya tura aljihu.

"'Yata, ban sani ba," ya ce. "Ban taɓa waiwayawa ba."