Ranar da Dara Ta Kwashe wa Gem Jama'a

"Malam, nan gasar gem ake yi, ba hirar gindin bishiya ba."

Haka mai shagon da ya shirya gasar ƙwallon kwamfuta a Ɗanbatta ya ce min, da ya ga ina tona gidajen dara a ƙofarsa. Da ƙyar ya yarda, amma ya ce in har azahar ba wanda ya zauna yin dara, in share wajen in ƙara gaba.

Sha biyu ta wuce, daga ni sai kawuna Baba Ilu, manomin albasa. Can sai ga Nazifi, zakaran gasar, wai bari ya gwada tsoho. Ya jera 'ya'yansa huɗu, ya miƙa hannu zai ci ɗan Baba.

Baba ya riƙe hannun. "Ɗana, uku ake jerawa. Huɗu ba ta ci, zari ne."

Sau uku Baba yana share shi! Shewar da muka yi ta fito da kowa daga shago. Ko da aka kira azahar, mai shagon da kansa yana tsugune yana kakkarya karan da zai yi 'ya'yan dara da shi, yana jiran layi.

Ku fa, yaushe rabonku da dara?