Sanda Arba'in na Tsoho Yagoro

Surukina Yagoro ya yi shekara talatin da takwas yana awon dawaki a kasuwar kaka ta Tono, kuma a iya sanina bai taɓa yarda da kowa ba. Na auri 'yarsa Ine, na zauna gidansa shekara goma sha ɗaya. Sau biyu kacal ya ba ni sandar awonsa na riƙe, duka biyun yana tsaye a kaina.

In aka kawo doki, ƙasa yake fara dubawa. Ya share wurin da ƙafa, ya ɗaga kofato huɗun ɗaya bayan ɗaya, don ya san dillalai da tsayar da doki kan tudun da ido ba ya gani. Sannan ya auna daga ƙasa zuwa inda geza ta ƙare, sau uku. Ma'auninmu shaku ne, tsawonsa kusan ƙafa ɗaya, kuma a wurinmu ba a faɗin shaku huɗun farko, tunda kowane doki ya kai. Gaɓoɓin da suka ɗoru ake faɗi, goma a shaku ɗaya. Dokin biyar, shaku huɗu da rabi ke nan. Mai doki ya miƙo masa shayi, ba ya sha. Ya yabe shi, sai ya sake awon.

Shekarar da gwamnati ta sa a auna filaye, aka turo mana wani safiyo daga Morioka da gorarsa ta awo, mai tsawon ken ɗaya, wato shaku shida. Makiyayarmu tana gefen tsauni, ta haɗa iyaka da ta Shige, matar marigayi Jinsuke. Tsakaninmu akwai idon ruwa da ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu. Dawakinmu shida a nan suke sha. In babu shi sai kogi, taku ɗari tara da arba'in, gangare, na ƙirga.

Tsohuwar takardar da mahaifin Yagoro ya rubuta da mahaifin Jinsuke ta ce filinmu sanda arba'in ne daga baƙin dutse. Safiyo ya auna ken arba'in, ya buga fegi. Idon ruwan yana kan ken talatin da biyu, ya faɗo cikin namu da sarari. Shige ta rusuna, ta tafi ba ta ce komai ba.

Ni har na fara lissafin itacen shinge. Tsoho kuwa ya ƙi cin geronsa. Ya ce tun da aka haife shi bai ga ma'aikacin gwamnati ya ba mutum abu ba, kuma macen da aka raba da ruwa ta yi shiru, akwai abin da ta taka. So suke mu kafa shinge mu gina kwami, sannan su fito da gaskiya a kunyata shi gaban gari. Na tambaye shi wace gaskiya. Ya ce ubansa bai taɓa riƙe gorar ken ba. Sanda ɗaya gare shi, wadda ya yanka daidai tsayin goɗiyarsa, goɗiyar kuma ta biyar ce.

Nan take na buga a kaina. Huɗu da rabi sau arba'in, shaku ɗari da tamanin. A raba shida, ken talatin. Ruwan ya fita da ken biyu.

"Baba, wa ya san wannan ban da kai?"

"Kai."

"To ni na manta."

Ya daɗe yana kallona. "Saurin mantuwarka ma abin dubawa ne. Me Shige ta yi maka alkawari?"

Washegari ya sa aka kira safiyo da Shige da dagaci wurin baƙin dutsen, ya faɗi komai. Safiyon ya gaji, ƙauye bakwai na jiransa. Ya ce goɗiyar da ta mutu shekara hamsin ba mai auna ta, a ɗauka sandar shaku biyar ce, lissafi ya fita sumul. Na sake bugawa: ken talatin da uku da sulusi. Ruwan namu ne har yanzu. Na yi tari sau uku, na taka wa tsoho ƙafa.

Ya janye ƙafarsa. Ya ce a kwarin nan ba a taɓa haifar goɗiya mai shaku biyar ba, kuma duk wanda ya ƙara wa doki rabin shaku a baki, akwai abin da zai sayar maka. Dagaci ya ce masa ya yi wa kansa adalci mana, ana ba shi yana turewa.

"Shi ya sa nake turewa," in ji shi.

Da hannunsa ya auna. Ya ɗaure zare a sandar awonsa, a gaɓa ta biyar bayan shaku huɗu, ya kwantar da sandar sau arba'in, yana share ƙasa kafin kowace kwantarwa. Safiyo ya bi bayansa da gora: talatin cif. Aka cire fegi aka dawo da shi. Ruwan na ɓulɓula shaku goma sha biyu gabanmu.

Shige ta ce, "Kawu Yagoro, dawakinka su ci gaba da sha. Ruwan ya ishe mu duka."

Ya tambaye ta me take so a madadin. Ta ce ba komai. Wannan amsa ce ta gama firgita shi. Ya ce in da ta nemi ɗan doki ko ciyawa, da ya san inda ya tsaya.

Daga ranar muka koma kogi, safe da yamma, taku dubu uku da ɗari bakwai da sittin kullum, ni a gaba shi a baya. Shekara bakwai muka yi haka kafin ya rasu. Shige ta yi shingenta, ta bar ƙofa ta wajenmu, kuma duk ranar da dusar ƙanƙara ta rufe gangaren sai mu tarar da ƙofar a buɗe. Dawakin su ja su tsaya, suna jin ƙarar ruwan. Tsoho ya leƙa ciki, ya duba hagu da dama, ya jawo ƙofar ya ɗaure mata igiyarta tam, ya ce mu wuce.